Zaɓen Fid Da Gwani A Amurka: Yadda Ake Auna Ƙarfin Jikin Mata 'Yan Takara

Ran 10 ga Fabrairu, 2019, Amy Klobuchar, 'yar Majalisar Dattijan Amurka daga Jihar Minnesota, ta tsaya a fili a bakin kogin Mississippi ta bayyana cewa za ta nemi jam'iyyar Dimokurat ta tsayar da ita takarar shugaban ƙasa. Shekarunta 58 a lokacin. Dusar ƙanƙara na zuba, kanta ba hula, har gashinta ya yi fari fat kafin ta gama jawabi. Washegari jaridu da yawa sun fi ba da ƙarfi ga wannan hoto bisa ga abin da ta faɗa. Ba kuwa banza ba, domin a siyasar Amurka ana fara auna jikin mace 'yar takara tun kafin a saurari manufarta.

Ya kamata mai karatu ya san irin wahalar da ke cikin wannan zaɓe. A Amurka ba a daki ɗaya manyan jam'iyya suke zama su naɗa ɗan takara ba. Jiha-jiha ake bi, ana jefa ƙuri'a wata da watanni, kowane ɗan takara yana tara wakilan da za su mara masa baya a babban taron jam'iyya. Bisa al'ada Jihar Iowa ce ke buɗe fage, New Hampshire ta biyo baya, ko da yake 'yan Dimokurat sun sāke wannan tsari a 2024. Iowa kaɗai tana da gundumomi 99, kuma akwai 'yan takarar da ke ɗaukar alkawarin taka kowace ɗaya, a cikin tsananin sanyin hunturu. Daga nan sai wata Talata a farkon Maris, inda jihohi fiye da goma ke yin zaɓe rana guda. Taro uku ko huɗu a yini, barci a mota ko a jirgi, abinci kuwa duk wanda aka samu. Wanda jikinsa bai ƙwari ba, tun kafin kuɗinsa su ƙare shi zai ƙare.

Wannan wahala ba ta bar maza ba. A watan Oktoba na 2019 ciwon zuciya ya kama Bernie Sanders yana tsakiyar yawon neman ƙuri'a, aka kwantar da shi asibiti, ya fito ya ci gaba, har ya lashe New Hampshire. Amma mizanin da ake auna mace da shi dabam ne. A 2016, bayan Hillary Clinton ta kada Sanders ta zama mace ta farko da wata babbar jam'iyya ta tsayar takarar shugaban ƙasa, sai ciwon huhu ya kama ta, har ta yi tangaɗi a wurin wani taron tunawa a Niyu Yok ran 11 ga Satumba. Mako biyu bayan haka, a muhawarar talabijin, Donald Trump ya ce ba ta da juriyar riƙe ƙasa. Ta amsa masa cewa ta ziyarci ƙasashe 112 sa'ad da take Sakatariyar Harkokin Waje, kuma ta taɓa zama sa'a 11 tana amsa tambayoyi a gaban kwamitin majalisa. Abin lura shi ne mai zargin ya girme ta.

Matan da suka biyo baya sun ɗauki darasi. Su shida suka shiga takarar Dimokurat ta 2020. Elizabeth Warren, mai shekara 70, da sassarfa take hawa dandamali, in ta gama jawabi kuma ta tsaya ɗaukar hoto da duk wanda ya shiga layi. A Satumban 2019 a Niyu Yok ta yi wajen sa'a huɗu a tsaye tana wannan aiki. Babu wanda ya sāke tambayar ko tana da juriya, amma ƙuri'a ba ta zo ba, ta janye ran 5 ga Maris, 2020. Ashe ƙarfin jiki kuɗin shiga fili ne kawai, ba shi ne kofi ba.

A ɓangaren Rifablikan, Nikki Haley, tsohuwar Gwamnan Karolina ta Kudu, ita ce ta juya makamin. Da ta fito takara a Fabrairun 2023 tana da shekara 51, sai ta nemi a riƙa gwada lafiyar ƙwaƙwalwar duk ɗan siyasar da ya haura shekara 75. Nan da nan wani mai gabatar da shiri a gidan talabijin na CNN, Don Lemon, ya ce ai ita ma ganiyarta ta wuce, wai ganiyar mace ba ta wuce shekarun ashirin, talatin, ko arba'in da 'yan kai. Aka yi masa ca, ya nemi gafara, kuma a watan Afrilu gidan ya rabu da shi.

To, mene ne gaskiyar maganar jikin mace a waɗannan shekaru? Likitoci ba su musun cewa akwai canji. Yawancin mata jinin al'ada yana ɗauke musu tsakanin shekara 45 zuwa 55. Idan haka ta faru, sinadarin istirojin yana raguwa a jiki, shi kuwa yana cikin abubuwan da ke tsare ƙashi daga zaizayewa. Saboda haka ƙashi yakan yi saurin rauni a 'yan shekarun farko, tsoka ta riƙa ja da baya, teɓa ta taru a ciki, haɗarin ciwon zuciya da na sukari ya ƙaru. Sai dai ƙashi da tsoka duka suna amsa kira idan aka ɗora musu nauyi. Tsokar da ake sa ta aiki tana ƙara kauri ko da an haura sittin, ƙashin da ke ɗaukar nauyi kuma yana jinkirin lalacewa.

Shi ya sa shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 take da ƙafa biyu. Ta farko, baligi ya yi minti 150 zuwa 300 a mako yana motsa jiki matsakaici, watau kamar tafiya da sauri wadda za ta sa numfashi ya ƙaru amma ba ta hana magana ba. Ta biyu, wadda mata da yawa ke tsallakewa, ita ce aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako: ɗaga ƙarfe daidai ƙarfi, tsugunawa da miƙewa, hawan bene, ko tura bango da hannu. Mai hawan jini ko ciwon gwiwa sai ta fara ganin likita, kana ta soma da kaɗan. Takardar lafiyar da likitan Kamala Harris ya fitar a Oktoban 2024, ana sauran 'yan kwanaki ta cika sittin, waɗannan abubuwa biyu ta lissafa a cikin ayyukanta na kullum.

Ba da daɗewa ba ne aka yarda mace ta gwada ƙarfinta a fili. A 1967 wani jami'i ya bi Kathrine Switzer da gudu yana neman fizge lambarta don ta shiga gudun yada-ƙanin-wani na birnin Boston, mai nisan kilomita 42. Sai a 1972 aka buɗe wa mata wannan tsere, shekarar da Shirley Chisholm, baƙar fata mai shekara 47, ta shiga zaɓen fid da gwani na Dimokurat, kuma shekarar da aka kafa dokar da ta hana nuna wa 'yan mata bambanci a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, har da fannin wasanni. Wasannin Olamfik ba su ba mata wannan dogon gudu ba sai 1984.

Ita Haley ta jure har ta zama ita kaɗai ta rage a gaban Trump. Ta ci zaɓen birnin Washinton da na Jihar Vermont, ta janye ran 6 ga Maris, 2024. Switzer kuwa ta koma Boston a 2017 tana da shekara 70, ɗauke da lambarta ta dā, 261, ta kuma kai ƙarshen tseren.