Hoya: Dabbar teku mai ɗanɗano biyar da ke sa ruwa ya yi zaƙi a baki

A gaɓar tekun arewa maso gabashin Japan, musamman jihar Miyagi, akwai wata halitta da masunta ke kiwo a jikin igiyoyi cikin ruwa. Ja ce, jikinta duk ƙuraje, girmanta kamar dunƙulen hannu. Japanawa na kiranta hoya, mutanen Koriya ta Kudu kuma suna ce mata meongge. Wanda ya gan ta zai rantse 'ya'yan itace ne, amma dabba ce. Ba ta motsi daga inda ta manne, tana zuƙar ruwa ta baki ɗaya, ta tace abincinta, ta fesar da shi ta ɗayan.

Masu cinta sun kasu biyu. Wasu na cewa a loma guda ana jin zaƙi da gishiri da tsami da ɗaci da daɗin romo. Wasu kuwa sun ce warinta kamar roba ko sabulu ne.

Duka ɓangarorin na da gaskiya, bambancin yana ga lokaci. Hoyar da aka ciro yanzu ba ta da wari sosai. A cikin jikinta akwai wasu sinadarai marasa ƙamshi, ɗaure da sulfet. Da zarar an fitar da ita daga ruwa ko an yanka ta, sai wani enzayim ya fara tsinke wannan ɗauri, yana sakin sinadarai masu tashi a iska waɗanda ake kira cynthiaol. Su ne tushen ƙamshin. Kaɗan daga cikinsu na ba da ƙamshin teku mai sanyi. Idan sa'o'i suka ja suka taru, sai ya koma warin da ke korar baƙo. Uwargida ta san irin wannan: albasa ba ta sa hawaye sai an sa mata wuƙa. Shi ya sa mutumin Miyagi ke yabonta, wanda ya ci ta bayan doguwar tafiya a mota kuma yake tsine mata.

Zaƙin kuwa daga amino asid yake, irin su glisin da alanin, sai kuma glaikojin da ke ƙaruwa a jikinta lokacin zafi, wanda shi ne kakar cinta. Masu cinta na cewa idan ka sha ruwa bayan ka haɗiye ta, sai ka ji ruwan ya yi zaƙi.

Ta fuskar lafiya akwai abin lura ga matafiya. Yawanci ɗanye ake cin ta, kuma dabba ce mai tace ruwa, don haka ƙwayoyin cuta da gubar da ke cikin ruwan na iya taruwa a jikinta. Mai juna biyu da ƙananan yara da mai ciwon hanta gara su nemi dafaffiya. Ana kuma tallata ƙwayoyin ƙarin lafiya da ake haɗawa daga wani kitse da ke jikinta, plasmalojin, da sunan suna gyara ƙwaƙwalwa. A ganina talla ta riga bincike gudu a nan, kada kowa ya ajiye maganin likita saboda su.

Masu kiwonta sun sha wahala. Igiyar ruwan tsunami ta 2011 ta share gonakinsu na cikin teku. Kafin su farfaɗo, a 2013 Koriya ta Kudu, wadda ke sayen mafi yawan hoyar Miyagi, ta hana shigo da kayan teku daga jihohi takwas na Japan saboda hatsarin nukiliya na Fukushima. A 2016 dubban tan aka zubar don babu mai saye, kuma a 2019 Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta bar wa Koriya haramcinta. Tun daga nan suka koma sarrafa ta, busasshiya da daskararriya, don ta isa Tokyo kafin warin ya riga ta.