Fari da Ambaliya a Ƙasar Katagum: Aikin da Ke Kan Ƙaramar Hukuma

Ƙasar Katagum, a arewacin Jihar Bauchi, tana cikin wuraren da masifu biyu masu saɓa wa juna suke ziyarta. Wata shekara ruwa ya yi ƙaranci har gero ya bushe a tsaye, wata shekara kuma ya yi yawa har ya ci gonaki da gidaje. Dattawa ba su manta da farin 1972 zuwa 1974 ba, ko kuwa na 1983 da 1984, lokacin da dabbobi suka yi ta mutuwa, rumbuna suka zama wayam. Matasa kuwa sun ga ambaliyar 2022 a Zaki da Gamawa, da ta watan Agustan 2024 wadda ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin Ƙaramar Hukumar Katagum. Masana sun tabbatar cewa zafin duniya yana ƙaruwa, kuma a ƙasashen bakin hamada ruwan sama yana ƙara sauka da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Wannan shi ake kira sauyin yanayi.

Don me aka ɗora wa ƙaramar hukuma?

Tun gyaran da aka yi a 1976, ƙaramar hukuma ta zama mataki na uku na mulki a Nijeriya. Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora mata gina tituna da magudanan ruwa da kula da su, da kwashe shara, da sa hannu wajen bunƙasa noma. Waɗannan kuwa su ne ainihin wuraren da fari da ambaliya suke fara taɓawa. Gwamnatin Tarayya ta kafa Dokar Sauyin Yanayi a 2021, amma ba daga Abuja za a san kwalbatin da ya toshe a wata unguwa ta Azare ba.

Yadda ake auna haɗari

Auna haɗari shi ne a san abin da zai iya aukuwa, da inda zai auku, da waɗanda zai fi yi wa ɓarna. Hukuma tana da madogara biyu. Ta farko ita ce hasashen masana. A farkon kowace shekara Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, watau NiMet, tana bayyana lokacin da ake sa ran faɗuwar damina da ɗaukewarta, da wuraren da ruwa zai iya tsayawa bayan an yi shuka. Hukumar Kula da Koguna, watau NIHSA, ita ma tana fitar da sunayen ƙananan hukumomin da ake jin tsoron ambaliya a cikinsu.

Madogara ta biyu ita ce sanin mutanen ƙasa, kuma kuskure ne babba a raina ta. Hasashe yana ambaton ƙaramar hukuma ɗungurungum, amma dagaci da mai unguwa da sarkin ruwa su ne suka san fadamar da ke fara cika, da gidan da ruwa ya kai wa ƙirji a bara, da rijiyar da ke ƙafewa tun kafin bazara. Aikin ma'aikatan hukuma shi ne su zaga mazaɓa mazaɓa, su rubuta wannan sani, su zana shi a taswira, sa'an nan su gwada shi da abin da masana suka faɗa.

Idan aka yi haka za a ga cewa haɗarin garin Katagum dabam ne da na Azare, ko da yake tarihi ya haɗa su. Katagum, tsohuwar hedkwatar masarauta kafin a mayar da ita Azare a zamanin Turawa, tana cikin Ƙaramar Hukumar Zaki ne, a bakin Kogin Jama'are. Wannan kogi daga tsaunukan Jos ya taso, ya bi ta kusa da garin Jama'are, ya wuce Katagum, kafin ruwansa ya gamu da na Kogin Haɗeja su nufi Tafkin Chadi. Saboda haka ruwan da ke cin gonar mutumin Katagum sau da yawa ba a kansa aka yi shi ba. Yana iya kwana sama garau, ya wayi gari kogi ya batse. Abin da ya fi bukata shi ne labari da wuri daga garuruwan da ke sama da shi. Azare kuwa birni ne na kasuwa da ke ta faɗaɗa. Damuwarta ita ce ruwan da ya sauka a cikin gari ya rasa hanyar fita, domin an cike kududdufai an yi gini, magudanai kuma sun cika da leda da yashi. Manoman jigawa da ke tsakanin garuruwan biyu, masu gero da wake da gyaɗa, su tsoronsu shi ne ruwa ya ɗauke bayan shuka ta tsiro.

Shiri kafin damina

Shirin da aka fara bayan ruwa ya shiga ɗaki ba shiri ba ne, rabon kayan agaji ne. Yashe magudanai da gyaran kwalbatoci aikin rani ne, a gama shi kafin watan Yuni. A tanadi irin shuka mai nuna da wuri domin shekarar da aka yi hasashen gajeriyar damina. A hana ba da filin gini a kan hanyar ruwa, ko da mai neman filin babban mutum ne. A keɓe makarantu ko wasu gine-gine da ke kan tudu inda za a sauke jama'a, a kuma sanar da su wurin tun da sauran lokaci. Haka nan a kiyaye burtali da mashaya, domin a shekarar fari ne rigimar manomi da makiyayi take tsananta. Bauchi tana cikin jihohi 11 da shirin dasa itatuwa don tare hamada ya shafa, sai dai itacen da aka dasa ba a ba shi ruwa ba, ba a kuma kare shi daga awaki ba, asarar kuɗi ne kawai.

Duk wannan ba zai tabbata ba sai an rubuta shi cikin kasafin kuɗin shekara, an faɗi nawa zai ci da wanda zai yi shi. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, wanda ya ƙara wa jama'a hujjar tambayar inda kuɗin ya tafi. Tsarin agajin gaggawa na ƙasa ya kuma tanadi kwamiti a kowace ƙaramar hukuma, mai aiki tare da hukumar agaji ta jiha da Hukumar NEMA. Kwamitin da ba ya zama sai an yi ɓarna bai cika aikinsa ba.

Gargaɗi kuma sai ya isa kunnen mai gona. Hanyar da aka saba, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, har yanzu tana da ƙarfi, a haɗa da masallatan Juma'a da majami'u da ranakun kasuwa da gidajen rediyo. Duk wanda ya ga magudana ta toshe, ko ana gini a hanyar ruwa, ko gaɓar kogi ta fara zaftarewa, sai ya sanar da mai unguwarsa ko kansilan mazaɓarsa, ya kuma tambaye shi abin da aka ware wa unguwar a kasafin bana.