Madafa Ba Kurkukun Uwargida Ba Ce

A gidan da na tashi, murhu a tsakar gida yake. Idan hunturu ya kankama, nan muke kewayewa muna jin ɗumi, mahaifiyarmu na tuƙa tuwo, kaka na yi mana tatsuniya. Yau kuwa madafa ce ɗakin da muke yi wa rowar fili idan mun tashi gini: a matse ta can ƙurya, a lulluɓe ta da farin tayil, a sa fitila mai kashe ido. Sai uwargida ta wuni a tsaye ita kaɗai.

Ba cewa nake a koma ga itace ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna hayaƙin cikin gida na hallaka kusan mutum miliyan 3 duk shekara. Ɗumin zaman tare nake so mu dawo da shi. A buɗe taga babba. A sa ƙwan fitila mai haske ruwan ɗorawa. A shafa fenti launin jar ƙasa, a rataye faifai da ƙwarya. Uwa uba, a ajiye benci. Inda aka tanadi wurin zama, yara za su zo, maigida ma zai leƙo.