Ba Kowane Ciwon Gwiwa Ne Targaɗe Ba

A matsayina na mai nazarin harshe, na daɗe ina mamakin yadda Bahaushe ya jingina himma da gwiwa, har yake cewa ƙarfin gwiwa da sanyin gwiwa, amma kusan duk raunin da ya same ta sai ya kira shi targaɗe. Wani ɗan'uwana mai dakon fatu a Challawa ya murɗe ƙafa, ya shafe watanni yana zarya wurin mai ɗori, kafin a gano a Asibitin Ƙashi na Dala cewa guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwarsa ne ya yage.

Ɗinke wannan guringuntsi ba sabon abu ba ne. Tun a 1883 likita Thomas Annandale ya yi wa wani mahaƙin ma'adinai aikin a Birtaniya. Gefen guringuntsin na waje kaɗai jini ke ratsawa sosai, shi ya sa yagewar wurin ta fi haɗewa, musamman idan an ɗinke da wuri. Likitoci kan cusa gudan jinin majiyyacin cikin yagewar don taimaka wa warkewa. Cire guringuntsin kuwa kan gaggauta zaizayewar gaɓar.

Sai dai ɗinki na bukatar watanni ba tsuguno ba ɗaukar kaya, ga kuma atisayen asibiti. Yaya leburan Sharaɗa ko Bompai, wanda sai ya fita zai ci, zai jure? Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 tana nan. Ya kamata masu masana'antu su biya hutun jinya, mu kuma mu daina yi wa ciwo suna kafin likita ya duba.