Likitancin Nukiliya: Ta Wace Ƙofa Ake Shiga?

Da an ce nukiliya sai hankali ya tafi ga bom. To, ai akwai ta magani. A wannan fanni, likita yakan ba majinyaci ɗan sinadari mai fitar da haske, ta allura ko ta baki, sannan wata kyamara ta musamman ta nuna yadda ƙashi ko ƙoda ko zuciya ke aiki. Wanda aka fi amfani da shi, wato teknishiyom-99m, ƙarfinsa kan ragu da rabi duk awa 6, shi ya sa ba ya daɗewa a jiki. Da aidin-131 kuwa ake maganin wasu cututtukan maƙoƙo.

A 2006 aka buɗe sashen wannan aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, akwai kuma wani a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Masu wannan sana'a 'yan ƙalilan ne a Nijeriya, ga majinyata da yawa.

Ƙofofin shiga huɗu ne. Likita yakan yi shekara 6 a jami'a, ya yi aikin gwaji da bautar ƙasa, sannan ya ƙware. Mai ɗaukar hoton asibiti shekara 5 ne, kuma ana koyarwa a Jami'ar Bayero. Mai harhaɗa magani shi ke shirya sinadarin. Masanin fiziks kuwa shi ke auna hasken don kada ya wuce kima. Galibinsu sai da kiredit biyar: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, sannan a ci jarrabawar JAMB.

Ku da iyayenku ke aiki a masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, ku sani ilmin bai tsaya a asibiti ba. Da irin wannan haske ake duba walda da auna kaurin kaya a masana'antu, ƙarƙashin kulawar hukumar NNRA, wadda ta fara aiki a 2001. A Zariya ma, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004.

Iyaye, kada a cire yaro ko yarinya daga ajin kimiyya don an ce da wuya. Mata majinyata da dama sun fi sakewa a hannun mace 'yar uwarsu. Ɗalibai kuma a dage da lissafi tun daga aji ɗaya, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba da sa'a, amin.