Wankin ƙoda: Yadda gwajin jini ke nuna ko na'ura ta yi aikinta

Yawancin masu ciwon ƙoda kan ji sauƙi da zarar sun sauko daga kan na'urar wankin ƙoda. Kumburin ƙafa ya ragu, numfashi ya daidaita. Sai dai wannan sauƙin yakan zo ne saboda ruwan da aka cire daga jiki. Ko dattin da ke cikin jini ya fita yadda ake bukata, gwajin jini ne kaɗai zai nuna.

Yuriya, babban ma'auni

Yuriya datti ne da hanta ke samarwa bayan jiki ya sarrafa abinci mai gina jiki kamar nama, ƙwai da wake. Lafiyayyar ƙoda na fitar da shi ta fitsari. Idan ƙoda ta gaza, sai ya taru a jini.

Don haka ake ɗibar jini sau biyu a rana guda: kafin a fara wanki da kuma bayan an gama. Bambancin da ke tsakani shi ake kira URR. Misali, idan yuriya ta sauka daga 30 zuwa 9, an rage kashi 70 cikin 100. Idan kuwa a 15 ta tsaya, kashi 50 ne kawai, wankin bai wadatar ba. Mafi ƙarancin abin da ake nema shi ne kashi 65.

Akwai kuma lissafin Kt/V, wanda masana biyu a Amurka, Frank Gotch da John Sargent, suka fito da shi a 1985. Yana haɗa ƙarfin matatar na'ura, tsawon lokacin wanki da yawan ruwan jikin majiyyaci. Ga mai yin wanki sau uku a mako, ana so kada ya gaza 1.2. Ana ba da shawarar duba shi duk wata.

Lamba ɗaya ba ta isa ba

Yuriya na iya yaudara. Majiyyacin da ya daina cin abinci, yuriyarsa kan yi ƙasa, ba don jininsa ya wanku ba. Haka ma kiriyatinin, wanda tsoka ke samarwa: raguwarsa na iya zama alamar rama. Shi ya sa likitoci ke duba wasu alamomin:

Fotashiyam: idan ya kai 6 ko ya wuce, yana iya rikita bugun zuciya har ta tsaya ba zato. Ayaba, dabino, dankali da tumatir na ɗauke da shi da yawa.

Fosfet: na'ura ba ta fitar da shi da sauƙi. Yawansa na jawo ƙaiƙayi, raunin ƙashi da sandarewar jijiyoyin jini.

Albumin: ƙarancinsa na nuna rashin abinci mai gina jiki ko kumburi a cikin jiki. Ana so ya kai kusan giram 4.

Himogulobin: ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jini, don haka ƙarancin jini ya zama ruwan dare ga masu wannan ciwo.

Inda gizo ke saƙar

Duk waɗannan ƙa'idoji an gina su ne kan wanki sau uku a mako, kimanin awa huɗu kowane zama. A Najeriya kuwa, tsada ta sa da yawa ba sa wuce sau ɗaya ko biyu. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Duk da haka, zama uku a mako ya haura naira 140,000 a wata, ban da magani da kuɗin mota.

Wanda ke zuwa sau ɗaya na iya samun URR mai kyau a ranar, amma dattin ya sake taruwa kwana shida ba tare da an taɓa shi ba.

Saboda haka, mai jinya ya riƙa tambayar likita sakamakon URR ko Kt/V, yana rubutawa a littafi. Kada a roƙi a sauke majiyyaci kafin lokaci ya cika, domin kowane minti talatin da aka yanke, datti ne aka koma da shi gida. Idan lambar ta yi ƙasa, likita na iya ƙara lokaci, sauya matata, ko duba hanyar da ake jan jinin ko ta fara toshewa.