Waƙoƙin da aka kora daga coci suka samu mafaka a ƙauyukan Sheffield

A tsakiyar watan Disamba, rana kan faɗi a birnin Sheffield da ke arewacin Ingila tun kafin ƙarfe 4 na yamma. Hasken yini bai kai awa takwas ba, ga sanyi mai ratsa ƙashi. A irin wannan lokaci ne mazauna ƙauyuka da unguwannin da ke gefen birnin ke cika ƙananan ɗakuna maƙil, suna rera waƙoƙin Kirsimeti da akasarin 'yan Birtaniya ba su taɓa ji ba.

Babu tikitin shiga wannan biki, babu dandamali, babu kuma wani tauraron mawaƙi da ake zuwa kallo. Duk wanda ya samu wurin tsayawa a ɗakin, shi ma mawaƙi ne.

Akan fara ne a tsakiyar Nuwamba, da zarar an kammala bikin tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, a ci gaba har zuwa ƙarshen shekara. Kowane gari da ranarsa da sa'arsa. Daga cikin wuraren da suka yi fice akwai Dungworth da Worrall da Oughtibridge da Grenoside da Ecclesfield, sai kuma Castleton da Hathersage da Eyam a yankin Derbyshire mai maƙwabtaka.

Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne wurin da ake taruwa. Yawancin zaman ana yin sa ne a mashayar gari, wadda a ƙauyen Ingila ita ce kuma zauren hira da wurin cin abinci da taron jama'a. Royal Hotel a Dungworth da Blue Ball a Worrall sun shafe shekaru masu yawa suna karɓar mawaƙa da tsakar ranar Lahadi, har mutane kan yi layi a waje cikin sanyi kafin a buɗe ƙofa.

Yadda waƙoƙin addini suka ƙare a irin wannan wuri labari ne da ya faro fiye da shekara 150 da suka wuce.

Yadda aka sallami makaɗan gari

A ƙarni na 18 da farkon na 19, majami'un karkara da dama a Ingila ba su da ogan, wato babban kayan kiɗan nan na coci. Waɗanda ke jan waƙa mutanen gari ne: masaƙa da maƙera da masu ɗinkin takalmi da manoma. Sukan zauna a wani bene da ke bayan coci ta ɓangaren yamma, da gogensu da sarewarsu, kuma sau da yawa su ne ke tsara karin waƙoƙin da kansu.

Karin nasu mai ƙarfi ne da armashi. Masu babbar murya su fara baiti, wasu su shigo bayansu, wasu kuma su biyo, kamar ana tsere, sannan a haɗu a ƙarshe a maimaita.

Daga shekarun 1830 ne wani yunƙurin gyara da ya taso daga Jami'ar Oxford ya fara sauya tsarin ibada a Cocin Ingila. Sababbin limaman coci suna ganin kiɗan ƙauye hayaniya ce da ba ta dace da wurin ibada ba, kuma makaɗan ba sa jin magana. Sai aka riƙa sayo ogan, aka kafa rukunin mawaƙa masu riguna iri ɗaya a gaban coci. A 1861 aka wallafa littafin waƙoƙi mai suna Hymns Ancient and Modern, wanda ya bazu ko'ina ya kuma sa majami'u suka koma rera abu guda.

Marubuci Thomas Hardy, wanda mahaifinsa da kakansa suka yi kiɗa a irin wannan ƙungiya, ya gina littafinsa na 1872, Under the Greenwood Tree, a kan yadda wani sabon limami ya maye gurbin makaɗan ƙauye da ogan.

A yawancin sassan ƙasar, nan waƙoƙin suka mutu. A kewayen Sheffield kuwa, mutanen suka fita da abinsu. Suka ci gaba da rerawa a gidaje da kan tituna da wasu ƙananan majami'un Methodist, daga baya mashaya ta zama babbar matattara.

Baiti ɗaya, kari barkatai

Wanda ya zauna zaman awa biyu zai lura cewa akwai baitocin da ake ta dawowa kansu, amma kowane karo da sabon kari. Waƙar ita ce While Shepherds Watched, wadda Nahum Tate ya rubuta aka buga a 1700, tana ba da labarin makiyayan da aka yi wa albishir da haihuwar Yesu Almasihu.

Dalilin yawan karin nata a tarihi yake. Tsawon shekaru da dama a ƙarni na 18, ita ce waƙar Kirsimeti da Cocin Ingila ya amince a rera a lokacin ibada. Tun da ba a yarda a sauya kalmomi ba, sai masu fasahar ƙauye suka zuba basirarsu a kan kari. Kowane kari da sunansa: akwai Pentonville, akwai Liverpool, akwai Lyngham.

Akwai kuma Old Foster, wanda John Foster na High Green, a arewacin Sheffield, ya tsara. Wani karin mai suna Cranbrook, wani mai ɗinkin takalmi a Canterbury, Thomas Clark, ne ya fitar da shi a 1805. Daga baya aka ɗora masa wasu baitoci na barkwanci, ya zama waƙar da mutanen Yorkshire ke ɗauka tamkar taken yankinsu, har da yawa ba su san daga coci ya fito ba.

Ba duka waƙoƙin ne na addini ba. Ana haɗawa da na yabon ƙasa da na soyayya da na ban tausayi, irin su Swaledale da The Mistletoe Bough, waɗanda mutum ɗaya ke ja sauran su amsa.

Kowane gari yana da jerin waƙoƙinsa da tsarin da yake bi. A wani wurin ana rakiya da piyano ko ƙaramin ogan, a wani kuma murya ce zalla, inda mutum guda da aka sani ke ɗaukar waƙa kowa ya bi. Kari ɗaya na iya bambanta tsakanin ƙauyuka biyu da tafiyar ƙafa ke haɗa su, kuma kowanne na ganin nasa ne daidai.

Mutumin da ya bi su da rikoda

Idan yau ana iya karanta tarihin wannan al'ada, babban kaso na yabon na Farfesa Ian Russell ne. Tun wajajen 1970 ya fara bin ƙauyukan yana naɗar muryoyi da tattara tsofaffin littattafan da makaɗa suka rubuta da hannu. Daga baya ya shugabanci Cibiyar Elphinstone ta nazarin al'adu a Jami'ar Aberdeen da ke Scotland.

A 1994 aka fara Bikin Waƙoƙin Ƙauye, wanda ake yi duk bayan shekara biyu a Sheffield. A nan ɗaruruwan mutane ke wuni suna koyon muryoyi daban-daban, tare da makaɗa masu goge da sarewa kamar yadda ake yi a da, ana kuma gayyato ƙungiyoyi daga wasu yankuna.

Cikin waɗanda ke da dangantaka da wannan salo har da mawaƙan Glen Rock, wani ƙaramin gari a jihar Pennsylvania ta Amurka. Wasu mutane da suka yi ƙaura daga Ingila ne suka fara zagaya garin da waƙa a daren Kirsimeti na 1848, kuma har yanzu ana yi.

Mawaƙiya Kate Rusby, 'yar yankin Barnsley da ta taso cikin wannan al'ada, ta kai wasu daga cikin waƙoƙin manyan zauruka da gidajen rediyo, musamman bayan kundinta Sweet Bells na 2008.

Barazanar da ke tafe

Shahara ta zo da nata nauyin. Ɗakin da aka gina don mutanen ƙauye yanzu yana karɓar baƙi daga nesa, har wani lokaci ɗan gari kan rasa wurin tsayawa. Sai dai baƙin sun ƙara yawan muryoyi, kuma zaman da a da maza suka fi yawa a cikinsa yanzu ya haɗa mata da matasa.

Babbar damuwar ita ce ɗakunan kansu. Ɗaruruwan mashaya ke rufewa a Birtaniya duk shekara saboda tsadar makamashi da haraji da sauyin ɗabi'ar jama'a, wasu a mayar da su gidajen kwana. Makonni shida ko bakwai na cunkoso ba sa riƙe kasuwanci tsawon shekara. Idan aka rufe ɗaya, ko sabon mai shi ya ce ba ya son waƙa, dole mawaƙa su nemi wani wuri, kuma ba kowane ɗaki ne ke ɗaukar murya yadda suka saba ba.

An ɗanɗana hakan a 2020, lokacin da dokokin annobar korona suka hana taruwa a mashayun yankin a daidai kakar waƙar. Ga al'adar da ake koyo ta hanyar tsayawa kusa da wanda ya iya, rasa shekara guda ba ƙaramin gibi ba ne, musamman da yake dattawa ne ke riƙe da yawancin abin da aka haddace.

A 2024 Birtaniya ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan kare al'adun da ake gada baki da baki, wadda a ƙarƙashinta ne aka amince da bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Matakin ya buɗe ƙofar yin rajistar al'adu irin wannan a matakin ƙasa.

Rajista da littattafai da faifai za su adana kalmomi da kari. Ci gaban zaman kansa kuwa ya dogara ne ga abubuwan da suka riƙe shi tun bayan barinsa coci: a samu ɗakin da zai buɗe ƙofa a watan Nuwamba, a samu wanda zai ɗauki waƙa, a kuma samu yaran gari da za su tsaya a gefe suna saurare har su iya.